Dama da Hagu a Ilmin Sinadarai: Daga Hantsakin Pasteur Zuwa Tafiyar Elektron

Duk wanda ya taɓa sa takalmin dama a ƙafar hagu ya riga ya san tushen wannan magana. Ƙafafun nan biyu kamarsu ɗaya, amma ko yaya aka juya ɗaya ba ta zama daidai a sawun ɗayar, domin kowace hoton 'yar'uwarta ce a madubi. Akwai irin wannan bambanci a cikin molakul, watau ƙananan gungun ƙwayoyin zarra waɗanda aka gina abubuwa da su. Abin lura a tarihin wannan ilmi shi ne, sau biyu masu gwaji suna ganin abu da idonsu, masu lissafi su yi shekaru suna neman dalilinsa. Na farko an warware shi. Na biyu kuwa har yanzu ana kansa.

A 1815 wani masani Bafaranshe, Jean-Baptiste Biot, ya gano cewa idan aka tace haske har kaɗawarsa ta bi fuska guda, sa'an nan aka ratsa shi ta cikin ruwan sukari, sai fuskar nan ta karkace. Haka ma wani sinadari mai tsami da ake kira tartarik, wanda ake samu daga dasƙararren abin da ke manne wa gangunan giyar inabi, yana karkatar da hasken zuwa dama. Amma sai aka sami wani iri nasa a wata masana'anta a Alsas, kayan haɗinsu ɗaya sak, shi kuwa ba ya karkatar da haske ko kaɗan. Manyan masana suka auna, suka sake aunawa, abin ya gagara.

A 1848 Louis Pasteur, yana saurayi ɗan shekara 25 a Paris, ya busar da ruwan gishirin wannan sinadari mai taurin kai, ya duba ƙwayoyinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai ya ga ashe iri biyu ne a cakuɗe: wasu suna da ɗan shafcen gefe ta dama, wasu ta hagu. Ya ɗauki hantsaki ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ya narkar da kowane tsibi dabam. Ɗaya ya karkatar da haske dama, ɗaya hagu, da awo guda. In an haɗa su sai su soke juna. Biot, wanda ya haura shekara 70 a lokacin, bai yarda ba sai da ya sa aka maimaita gwajin a gabansa da kayan da shi kansa ya kawo. Ya kamata a faɗi cewa akwai sa'a a cikin lamarin, don gishirin nan ba ya rabuwa haka idan zafi ya wuce kimanin digiri 26. Da a ɗaki mai zafi aka yi aikin, da hantsakin bai sami abin tsinta ba. Bayan kimanin shekara goma Pasteur ya ƙara gano cewa ƙananan halittu irin su fumfuna suna cinye na daman su bar na hagun. Ashe rai yana da zaɓi tsakanin hannayen biyu.

Pasteur ya ga bambancin, amma bai iya nuna inda yake a cikin molakul ba. Sai a 1874, bayan shekara 26, wasu samari biyu, van 't Hoff mutumin Holan da Le Bel Bafaranshe, kowa a nasa gefe, suka kawo bayani: ƙwayar kabon tana da hannuwa huɗu masu miƙewa kusurwa huɗu a sarari, ba a shimfiɗe ba, idan kowane hannu ya riƙe abu dabam, to, jeri biyu ne ke yiwuwa, ɗaya madubin ɗaya. Wani babban farfesa Bajamushe, Hermann Kolbe, ya yi wa van 't Hoff ba'a a rubuce a 1877, har yana masa gorin cewa a makarantar likitan dabbobi yake aiki. Wanda aka yi wa gorin shi ne ya fara karɓar lambar Nobel ta wannan fanni a 1901, ko da yake saboda wani aikin ne dabam. A 1951 Bijvoet, a Utrecht, ya tabbatar da ainihin jerin ta hanyar hasken eksire, kuma da wani gishirin tartarik ya yi.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. Tubalan da jiki ke gina furotin da su kusan duka na hagu ne, sukarin da ke cikin DNA kuma na dama. Saboda haka jiki yana iya karɓar magani na hannu ɗaya ya cutu da na ɗayan. Maganin talidomayid, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957 aka janye a 1961, ya jawo haihuwar jarirai kimanin 10,000 da nakasa. An sha cewa da an ware hannu guda da an tsira. Wannan ba daidai ba ne, don a cikin jiki kowane hannu na wannan magani yana rikiɗa ya koma ɗayan.

A can wani gefe kuma, wani bincike ya taso wanda da fari ba ruwansa da dama ko hagu. Idan hasken rana ya faɗa kan ganye, yakan zaburar da elektron, ƙaramar ƙwayar nan mai ɗauke da lantarki, ta yi tsalle daga wani molakul zuwa wani. Da wannan tsalle ne tsiro ke fara haɗa abincinsa. Rudolph Marcus, haifaffen Kanada mai aiki a Amurka, ya fitar da lissafin saurin tsallen a 1956. A nan kam lissafi ne ya riga ido: ya yi hasashen cewa idan ƙarfin da ke tura elektron ya wuce kima, tafiyar raguwa za ta yi maimakon ƙaruwa. Mutane da yawa suka yi shakka, sai a 1984 aka tabbatar, ya sami Nobel a 1992. Amma a cikin wannan lissafi babu gurbin hannu. Molakul na dama da na hagu daidai suke a wurinsa.

Hanyoyin biyu sun haɗu a 1999, sa'ad da Ron Naaman da abokan aikinsa a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka ratsa elektron da haske ya fizgo ta cikin shimfiɗar molakul masu hannu. Elektron tana da wata ɗabi'a da ake kwatanta ta da juyin katantanwa, kuma juyin iri biyu ne kacal. Sai aka ga molakul murɗaɗɗe, mai kama da tufkar igiya, yana barin masu juyi ɗaya su wuce fiye da ɗayan, kuma hannunsa ne ke yanke wanda zai wuce. A 2011 aka gwada da DNA a cikin zafin ɗaki, fifikon ya kai kimanin kashi 60 cikin 100. A 2023 ƙungiyar Michael Wasielewski a Jami'ar Northwestern ta nuna abin a cikin molakul da ba a manna shi da ƙarfe ba: haske ya zaburar da elektron, ta bi ta murɗaɗɗiyar gada, juyinta ya fito da alamar hannun gadar.

A nan ne ɗaliban digirin dakta masu lissafin sinadarai suke fama a yau. Ƙarfin da ke ɗaure tafiyar elektron da juyinta yana da rauni ƙwarai a ƙwayoyi marasa nauyi irin kabon, saboda haka lissafi mai sauƙi yana ba da fifiko ƙanƙane, alhali kuwa awo yana nuna babba. Wasu suna neman dalilin a kaɗawar ƙwayoyin molakul ɗin, wasu a yadda elektron ke ture juna, wasu kuma a mahaɗar molakul da ƙarfen da aka ɗora shi. Gwajin 2023 ya rage wa bayani na ƙarshen ƙarfi, tun da a can babu ƙarfe, amma bai raba gardama tsakanin sauran ba.