Likita Kuma Mai Bincike: Daga Ina Tsarin MD/PhD Ya Fito, Kuma Ina Ɗan Dubai Zai Shiga?

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe a nan Dubai ya san cewa da zarar an ga yaro yana da kai a makaranta, maganar guda ce: "Wannan likita zai zama in Allah ya yarda." To amma a 'yan shekarun nan ina jin ƙannenmu suna ambaton wani abu daban, wai MD/PhD, wato digirin likitanci da digirin digirgir na bincike a haɗe cikin tsari ɗaya. Yawancinsu a intanet suka gani, kuma masu ba da shawarar nan Amurkawa ne da suke magana da 'yan uwansu Amurkawa. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwayi tarihin abin, domin tarihin ne yake nuna wa aka gina wa wannan ƙofa.

A Amurka aka haifi tsarin. Jami'ar Western Reserve da ke Cleveland ta fara haɗa digirorin biyu a 1956. A 1964 hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, ta ɗauki nauyin abin da kuɗinta a ƙarƙashin wani shiri mai suna MSTP, ta fara da makarantu uku: Albert Einstein, Northwestern da Jami'ar New York. Dalilinsu shi ne, kimiyya tana gudu a ɗakin gwaje-gwaje, likitan da ke bakin gadon mara lafiya kuwa ba ya jin yarenta, shi ma masanin kimiyya bai taɓa duba majinyaci ba. Ana neman wanda zai tsaya a tsakani. A 1979 James Wyngaarden, wanda daga baya ya shugabanci NIH, ya yi wani rubutu da ya yi fice inda ya yi gargaɗin cewa likita mai bincike yana neman ɓacewa, saboda kuɗin asibiti sun fi na ɗakin gwaji nesa ba kusa ba. Maganin da suka riƙe shi ne a ɗauke wa ɗalibi kuɗin makaranta, a riƙa ba shi alawus, don kada bashi ya kore shi daga bincike. Shekara biyu a aji, kamar huɗu a bincike, sannan biyu a asibiti. Shekara takwas ke nan, kafin ma a fara horon ƙwarewa.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? Ga misali ɗaya da ya shafi jininmu. A 2008 wani ɗalibin MD/PhD a Harvard, Vijay Sankaran, yana aiki a ɗakin gwajin Stuart Orkin, suka nuna cewa ƙwayar halittar BCL11A ce take kashe irin sinadarin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya. A kan wannan binciken aka gina maganin Casgevy na cutar sikila, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa haihuwar masu sikila, ana ƙiyasta kusan jarirai 150,000 a shekara. Da wuya ka samu gidan Bahaushe da bai san wani mai ita ba. Aikin ɗalibi ne fa, ba na farfesa kaɗai ba.

Yanzu mu dawo gida Dubai. Lokacin da Cleveland ke haɗa digiri biyu, garin nan asibiti ɗaya ya dogara da shi, Al Maktoum da ke Deira, wanda aka buɗe a 1951 ƙarƙashin wani likita Bature, Desmond McCaully. Masu hali Bombay suke tafiya neman magani. Sai da aka samu man fetur a 1966, aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971, sannan abubuwa suka kankama: Asibitin Rashid a 1973, Asibitin Dubai a 1983. Amma likitocin kusan duk baƙi ne, daga Masar, Indiya, Sudan, Iraki, Pakistan. Gini ake yi da sauri, mutum kuwa a sayo shi daga waje. A 1986 attajiri Saeed Lootah, wanda ya kafa Bankin Musulunci na Dubai, ya buɗe kwalejin likitanci ta 'yan mata zalla, a daidai lokacin da jami'ar tarayya da ke Al Ain ta fara horar da nata likitocin.

Bincike shi ya zo a ƙarshe. An ƙaddamar da unguwar asibitoci ta Dubai Healthcare City a 2002, Gidauniyar Al Jalila mai ba da tallafin binciken lafiya ta zo a 2013, sai Jami'ar Mohammed Bin Rashid ta likitanci, MBRU, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 2016, suka fita a 2022. A ganina wannan jeri ba abin raini ba ne, haka kowace ƙasa take yi. Mu ma a Arewa, Dakta Barau Dikko na Wusasa sai da ya je Birmingham kafin ya zama likitanmu na farko, kuma sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitanci a Zariya. Sai an warkar da mai zazzaɓi tukuna ake zancen ɗakin gwaji.

Ga inda gizo ke saƙar. Tsarin da ya fi yawa a nan irin na Ingila ne: ka gama sakandare, ka shiga likitanci kai tsaye shekara shida. Na Amurka kuwa sai ka fara yin digirin farko na shekara huɗu, ka zauna jarrabawar MCAT, sannan ka nema. Mai neman MD/PhD har ƙarin rubutu biyu ake sa shi, ɗaya kan dalilin da ya sa yake son digirorin biyu, ɗaya kan binciken da ya riga ya yi da hannunsa. Ba a wasa da na biyun. Yaron da ya shiga likitanci a Dubai yana ɗan shekara 18 ya riga ya hau wata hanya daban, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai kuma fasfo, wanda ya fi komai ciwo. Kuɗin NIH na MSTP na ɗan ƙasar Amurka ne ko mai takardar zama ta dindindin. Wasu makarantu ƙalilan suna ɗaukar baƙi da kuɗin aljihunsu, amma gurbin kaɗan ne ƙwarai, kuma duk duniya ke rububinsa. Mu kuwa haihuwa a Dubai ba ta ba mu ƙasa. Ko a Asibitin Latifa aka yanke maka cibiya, koren fasfon babanka kake riƙe da shi. Ɗan Hausawan da aka haifa a Houston yana da ƙofar da kai ba ka da ita, ko da ka fi shi maki. Kafin 2022 ma, ɗa namiji bizarsa a ƙarƙashin mahaifinsa tana ƙarewa ne a shekara 18 sai in yana karatu, yanzu an kai ta 25. Lissafa da kanka: karatun da zai kai ka shekara 30 ba ya tafiya a kan bizar Baba.

Don haka idan ƙanina ya tambaye ni, abin da nake faɗa masa shi ne ya raba sunan da aikin. In da gaske Amurka yake so, shawarar ta ajin ƙarshe na sakandare ce: ya nemi digirin farko na kimiyya, wanda ya fi kyau a can, ya shiga ɗakin gwaji tun shekarar farko, ya tantance makarantun da ke karɓar baƙi kafin ya kashe kuɗin neman gurbi. In kuma ya riga ya fara likitanci a nan, hanyar a jere take, likitanci tukuna, PhD daga baya, kamar yadda yawancin likitoci masu bincike a wajen Amurka suka yi. Ingila ma da Cambridge ta fara nata tsarin haɗin wajen 1990, UCL ta bi a 1994, daga cikin karatun likitanci ake neman shiga, ba daga waje ba. Kuma tun yana aji biyu zai iya ƙwanƙwasa ƙofar malamin da ke aiki kan cututtukan jini na gado. Talasimiya ta yi wa mutanen ƙasar nan yawa kamar yadda sikila ta yi mana, har gwajin jini kafin aure ya zama tilas, kuma maganin Casgevy ɗin nan cututtukan biyu yake yi wa aiki.