Gyaran jijiyoyin wuyan hannu da zafi ta ƙaramar kafa

Wuyan hannu yana da ƙananan ƙasusuwa 8, a jere biyu, huɗu huɗu. Wasu gajerun jijiyoyi masu ƙarfi ne suke ɗaure ƙashi da ƙashi, kamar yadda igiya take ɗaure itatuwan rumfa. Idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, jijiya tana iya saki ko ta tsage. Wadda ta fi samun rauni ita ce mai haɗa ƙasusuwa biyu na jeren farko, ɗaya mai siffar kwale-kwale, ɗaya mai siffar jinjirin wata.

Yadda ake aikin

Likita ba ya tsaga hannu duka. Yana huda ƙananan kafofi a bayan wuyan hannu, ya zura wani siririn bututu mai kyamara da fitila, wanda kaurinsa bai kai milimita 3 ba. Hoton cikin gaɓa yana fitowa a allo. Ta wata kafar sai ya zura tsinke mai aiki da lantarki, wanda bakinsa yake ɗaukar zafi, ya riƙa taɓa jijiyar da shi kaɗan kaɗan.

An gina jijiya da wasu zarurruka da ake kira kolajin. Idan zafi ya kai wajen digiri 65 zuwa 75, zarurrukan suna tsukewa, kamar yadda ɗanyar fata take ƙanƙancewa kusa da wuta. Ta haka jijiyar da ta saki take ɗamewa. Ana kwarara ruwa cikin gaɓar a lokacin aikin domin kada zafi ya taru, saboda idan ya yi yawa yana ƙona guringuntsi da sauran jijiyoyi.

Wa aikin yake yi wa amfani?

A shekarar 1996 wani likitan Amurka, William Geissler, da abokan aikinsa sun kasa wannan rauni mataki 4. Zafi ya fi dacewa da mataki na 1 da na 2, inda jijiya ta saki ko ta ɗan tsage. Wadda ta tsinke gaba ɗaya sai ɗinki ko wani gyara.

A ƙarshen shekarun 1990 an yi ta amfani da wannan dabara a kafaɗa. Daga baya likitoci da yawa sun bar ta, domin jijiyoyin suna sake saki. Shi ya sa ake zaɓen masu rauni da kyau kafin a yi ta a wuyan hannu.

Bayan aiki

Jijiyar da ta sha zafi ba ta da ƙarfi a makonnin farko. Ana sa hannu cikin filasta kamar mako 4 zuwa 6, sannan a fara motsa shi sannu a hankali. Wanda ya yi gaggawar komawa ga daka, noma ko jan guga yana iya ɓata gyaran.

Abin lura

Wannan aiki ba ɗaya yake da gashi da ruwan zafi ko ƙuna da ƙarfe a gida ba. Zafin waje yana ƙona fata ne kawai, ba ya ɗame jijiya. Idan kun faɗi, ciwon wuyan hannu bai lafa ba bayan ƴan kwanaki, ko hannu ya rasa ƙarfin riƙo, ku je asibiti a duba ku. Hoton ƙashi yana iya fitowa lafiya alhali jijiya ta tsage, don haka ku koma wurin likita idan ciwon ya ci gaba.