Yadda Magabatanmu Suke Karɓo Bashi

'Yan'uwa, a wannan biki ya kamata mu waiwayi abin da ya fi kawo ƙara ofishin ƙungiya, wato bashi.

Zamanin da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, falke ba shi da kotun da zai kai ƙara a ƙasar wani. Abin da yake da shi shi ne maigida. A Salaga, maigida ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, kuma in an sayar bashi shi ke tsayawa. Yaƙin Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete Karachi da Kumasi da Ankara, suka tafi da wannan tsari cikin zango-zango.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Sabon Ibadan. Mai shanu ya zo daga arewa, bai san mahauci ko ɗaya ba, amma a sayar da shanunsa bashi na 'yan makonni. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don in ya bari baƙonsa ya koma da kuka, baɗi ba mai sauka gidansa. Shi kuwa mahaucin, masu gida su haɗa baki su hana shi saniya har sai ya biya. Ba duka, ba kwace kaya. A ganina wannan ya fi aika 'yan karɓar bashi ƙofar gidan mutum su tara masa jama'a.

Rigimar da tsohon tsari bai tanada ba ita ce ta canji. A Afrilun 1984 Nijeriya ta sauya launin Naira ta rufe iyaka, mutane da yawa a Maraɗi da Ƙonni suka kwana da tsohon kuɗi a hannu. A Janairun 1994 aka karya darajar Sefa da rabi. Nan aka shiga jayayya: da wane kuɗi aka ƙulla ciniki, kuma canjin wace rana, ta ɗaukar kaya ko ta biya? Shaidu kansu sai ka ji bakinsu ya rabu, don ba wanda ya yi tunanin faɗa a lokacin.

Shi ya sa sakatariya ke nacewa a rubuta sunan kuɗin da ranar biya, mutum biyu su sa hannu. Umarnin rubuta bashi dai yana nan a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara.