TARIHIN KATAKO A SAPELE: DAGA RAMIN ZARTO ZUWA INJIN KAMFANI

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya ina zaune a rumfata sai wani yaro daga cikin 'ya'yanmu ya ga sunan Sapele a rubuce jikin hoton wata ƙofa ta ƙasar waje a wayarsa, ya zo yana tambayata wai ko a nan garin aka yi ta. Na ce masa a'a, sunan itacen ke nan, kuma daga garin nan da aka haife ka ya samo sunan. Yaro ya yi dariya, yana tsammanin zolaya nake yi. To, da na ga haka sai na ce lalle akwai gyara, domin da yawa daga cikinmu da katako aka ciyar da mu, da shi aka yi mana aure, amma ba mu gaya wa na baya yadda abin ya faro ba.

Garin Sapele dai yana daidai inda kogin Ethiope da kogin Jamieson suka haɗu suka zama kogin Benin, wanda ya miƙe har teku. Ƙasar Okpe ce, wani reshe na Urhobo. A farkon shekarun 1890 Turawan Ingila suka kafa ofishin ƙaramin jakadansu a nan, saboda jirgin ruwa na iya shigowa daga teku har bakin gari. Da farko manja da ƙwarar manja suke saye. Amma bayan da suka ci Benin da yaƙi a 1897, suka kai Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba, sai kurmin ƙasar Benin ya buɗe musu, aka shiga yanka wa kamfanoni daji yanki-yanki domin saran itace.

Abin da suka fara nema shi ne mahogani, ɗan uwan maɗacinmu na Arewa, sai dai na kurmi ya fi tsawo da kauri nesa ba kusa ba. Daga baya aka shiga loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, da obece, da afara, da opepe, da kuma wani jan itace mai ƙamshi wanda saboda yawan lodinsa daga tashar nan 'yan kasuwar Turai suka laƙaba masa sunan garin. Har yau a kasuwannin katako na duniya da sunan sapele ake sayar da shi, ko da kuwa daga Kamaru ko Kwango aka saro shi.

Wanda ya tashi a Arewa bai san abin da ake nufi da babban itace ba sai ya shiga kurmi. Kuka tana da kauri, gaskiya ne, amma ba ta da tsawo, kuma cikinta laushi ne. Loko kuwa yakan kai tsawon mita 40 har zuwa 50, kuma sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka ga reshen farko. Irin su obece da sapele suna da wasu saiwoyi masu faɗi kamar bango da suka tokare gindin, sun fi mutum tsawo. Saboda haka masu sara ba sa farawa daga ƙasa. Sai su kafa dandamali na sanduna sama da saiwoyin, su hau, su yi ta kai gatari mutum biyu ko huɗu, wani lokaci sai an kwana ana abu ɗaya. Tun farko an riga an zaɓi gefen da ake so ya faɗi, an sare masa baki a nan. Dattawan da suka gani sun ce idan ya fara ƙara kowa tsalle yake yi ya ranta a na kare, kuma faɗuwarsa har a ƙafa ake jin ta daga nesa.

Kayar da shi ma shi ne mai sauƙin. A zamanin da babu katafila babu gingimari, sai a yanka shi gungume-gungume, a fafe gefe huɗu da gatari da gizago, a share hanya a jera sanduna a ƙasa, sa'an nan ƙarti masu yawa su ɗaura igiya su yi ta ja suna waƙa har bakin rafi. A nan zai zauna jiran damina. Idan ruwa ya kawo sai a tura, a ɗaure gumagumai da igiyar daji su zama kamar gado, mutane su kafa 'yar bukka a kai, su bi ruwa kwana da kwanaki har Sapele. Wasu ma ta ƙananan hanyoyin ruwa ake bi da su har Legas. Obece ba shi da nauyi, yana yawo bisa ruwa kamar ƙwarya. Amma akwai irin su ekki da ke nutsewa, dole sai an ɗaure su a jikin masu tasowa.

Wannan duk na fitarwa waje ne. Katakon da mutanen ƙasa ke aiki da shi kuwa, a rami ake yanka shi. Ga yadda abin yake. Za a haƙa rami mai zurfin da mutum zai tsaya a ciki, a gitta sanduna masu ƙarfi a baki, a mirgino gungumen a kai. Sai a jiƙa zare da ruwan gawayi, a ja shi daga wannan kai zuwa wancan, a ɗaga a sake shi ya buga layi baƙi. Daga nan a kawo dogon zarto mai mariƙi biyu, mutum ɗaya a sama yana bin layi, ɗaya a cikin rami yana ja ƙasa, garin katako na zuba masa a ka da ido. Idan an yi nisa sai a buga ƙaramin itace a tsagar don kada ta matse zarto. Na sama shi ne gwani, domin in hannunsa ya karkace kaɗan, falankin ya tashi da kauri a kai ɗaya, sirara a ɗayan. Babban gungume ɗaya yakan ci mutum biyu makonni. Kowane falanki da ka gani a tsohuwar ƙofa mai alamun zarto a karkace, ba daidai da juna ba, to gumin mutum biyu ne.

Injin yanka ya zauna a Sapele tun shekarun 1920. A 1929 manyan kamfanonin Turawa suka haɗe suka zama UAC, kuma a ƙarƙashinsa ne kamfanin African Timber and Plywood, wanda kowa ya sani da AT&P, ya bunƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarshen shekarun 1940, aka buɗe masana'antar filawud, wadda aka lissafa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ta ɗauki dubban ma'aikata. Yadda ake filawud abin kallo ne. Sai a turara gungume da zafi har ya yi laushi, a ɗora shi a inji yana juyawa, doguwar wuƙa tana feraye shi siriri kamar ana warware tabarma. A busar, a shafa gam, a jera falle uku ko biyar ko bakwai, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta na ƙarƙashinsa, sa'an nan a danne da zafi. Wannan gittawar ita ce ke hana shi tsagewa.

To, mu Hausawa ina muka shigo? Kakanninmu ba katako ya kawo su Kudu ba. Goro ne da shanu da fata da kayan ƙoli. Kuma a gida ba mu da buƙatar falanki sosai, domin da azara ake rufin soro, wato gangar giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika ci ba. Amma da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sa'an nan rufin kwano ya yaɗu, sai buƙata ta canza. Kwano ba ya zama sai da katako a ƙarƙashinsa. Makaranta na son benci, ofis na son tebur, amarya na son gado da kabad, mai mota na son bodi. Sai ya zama motar da ta sauke albasa da wake da busasshen kifi a nan ba ta komawa wayam. Da haka kasuwannin 'yan katako na Kano da Zariya da Kaduna da sauran garuruwa suka cika, kuma da haka iyayenmu suka koyi tubaitu da tubaifo da wanbaitwal, duk a tsawon ƙafa 12. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watsa mutanenmu da dama, amma da ƙura ta lafa aka dawo, kuma kuɗin mai na shekarun 1970 ya sa gine-gine suka yi yawa, ciniki ya buɗe fiye da da.

Ni kaina a wannan zamani na buɗe ido, ina yaro ina bin mahaifina bakin ruwa bayan an tashi daga Islamiyya, gumagumai sun rufe kogi har yara na tsalle daga wannan zuwa wancan. Da na kama sana'a, akwai wani gungumen loko da ba zan manta ba. Mu uku muka haɗa jari muka saye shi. In ka tsaya a wannan gefe ba ka ganin wanda ke wancan gefen. Da aka kai shi wurin yanka sai ya ƙi shiga tsakanin ƙafafun injin, dole aka fara tsaga shi biyu da hannu. Sa'an nan aka ɗaure rabin a kan dogo, injin mai zarto kamar ɗamara yana tafiya a kansa, yana ɗauke falle ɗaya bayan ɗaya. Fallen farko ɓawo ne, ba shi da kuɗi. Na biyu da na uku suka fito rawaya-rawaya, sumul, muna ta murna. Can sai muka ji ƙara, haƙoran zarto suka zube. Ashe akwai dutse a ciki. Wannan ba camfi ba ne: loko yakan tara wani farin abu mai tauri irin na farar ƙasa a cikin jikinsa, musamman inda ya taɓa jin rauni, kuma daga waje ba ka gani. Muka biya kuɗin zarto, muka yi asarar yini biyu, muka kuma tarar zuciyar itacen ta tsage. Duk da haka abin da ya fita ya mayar da jari har da 'yar riba.

Darasi na biyu a kan wannan katakon na koye shi. Abokan nawa suka yi gaggawa suka loda nasu ɗanye zuwa Arewa cikin hunturu, kafin a sayar rabi ya kantare, bakinsa ya tsattsage, saboda iskar can ta zuƙe ruwan da sauri. Ni kuwa mahaifina ya hana ni. Ya sa na jera nawa a inuwa, sama da ƙasa, da 'yan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, na ɗora nauyi a kai, na bar shi watanni. Obece kuma akasin haka ne wajen jira: in ka bar gungumensa a ƙasa bai shiga inji da wuri ba, sai ya yi shuɗi-shuɗi, ƙwari su huda shi.

Yanzu sai mu zo ga inda ke ciwo. Tun zamanin Turawa an san daji na iya ƙarewa. An keɓe gandun daji, an yi babbar dokar daji a 1916, an ƙayyade kaurin da itace zai kai kafin a sare shi. A 1927 aka fara wani tsari a Sapoba inda manomi zai yi noma a gandu yana renon 'yan itatuwa a tsakanin shukarsa. A 1976 gwamnati ta hana fitar da gungume waje ba a yanka ba. Amma sara ya fi shuka gudu. Gonakin roba da na manja suka ci wani ɓangare, injin hannu mai sarƙa ya shiga daji yana yanka a inda itace ya faɗi, yana mai da kaso mai yawa gari saboda kaurin haƙorinsa. Babban kamfanin nan ma da ya yi wa garin suna ya durƙushe, jiniyarsa ta yi shiru. Abin da ya rage na tsohon kurmi sai irin dajin Okomu, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1999. Gungumen da a da za a raina, yau shi ake rububi, kuma malaina da tik na shuka su suka cika kasuwa.

Kada kuma mu ce abin na Kudu ne kaɗai. A shekarun 2010 aka far wa madobiya a Taraba da Kogi da maƙwabtansu ana lodawa zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido, daga farkon 2017. Cikin 'yan shekaru aka share abin da ya yi shekara da shekaru yana girma. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka ina roƙon 'yan uwa 'yan katako abu uku. Na farko, mu daina sayen kayan dare, wanda babu takarda babu hatimin ma'aikatan daji a jikinsa, domin mu baƙi ne a nan, in magana ta tashi a kanmu za ta fara sauka. Na biyu, mu cika awo. Tubaifo ya zama tubaifo, kada a rage masa a sayar da sunan cikakke, kada kuma a shafa wa farin katako kala a ce mahogani ne. Na uku, ina ba shugabannin ƙungiya shawara su tuntuɓi masu ƙasa da hukumar daji, a samu fili ko ƙarami ne mu shuka itatuwa da sunan al'ummarmu. Malaina ba ta daɗewa take isa yanka. Loko kuwa wanda ya shuka ba shi zai yanka ba, sai jika ko tattaɓa kunne, kamar yadda mu ma muka ci wanda ya tsiro tun ba a haifi kakanninmu ba.

Dattawan da suka ga zamanin rami da na jirgin ruwa saura kaɗan a cikinmu. Samari su je su zauna da su, su tambaya, su rubuta, a kawo wa wannan mujalla. Inda na yi kuskure a gyara mini. Allah Ya yi wa kasuwa albarka, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.