Waiwaye Adon Tafiya: Itacen Kirsimeti da Tukunyar Gidanmu

 Da zarar hunturu ya kankama, hankalin kowannenmu yakan koma gida, a shiga lissafin kuɗin mota, ɗinkin yara da tsarabar tsofaffi. Sai dai duk wanda ya lura da kayan da muke saukewa a ƙofar gidajen iyayenmu zai ga buhun shinkafar waje, da katan na kayan gwangwani, a 'yan shekarun nan kuma har da itacen roba a naɗe cikin kwali. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi, mu ga inda al'adar itacen Kirsimeti ta samo asali, da abin da iyayenmu suka ɗora a murhu kafin zuwan waɗannan kaya. Wanda ya bi labarin a tsanake zai tarar cewa a duk inda bikin ya yi saiwa, da itacen gida da hatsin gida ya yi ta.

Asalin itacen

Littafi Mai Tsarki bai umarci kowa ya kafa itace don tunawa da haihuwar Yesu Almasihu ba. Ita kanta ranar 25 ga Disamba, rubutu mafi daɗewa da ya ambaci bikinta a birnin Rum na shekarar 336 ne, kuma an yi fiye da shekara dubu ana bikin kafin itace ya shigo cikinsa. Al'adar ta tsiro ne a ƙasashen da ake jin Jamusanci, musamman yankin Alsas, wanda yanzu yake cikin Faransa. A can sanyi yakan kakkaɓe ganyen yawancin itatuwa, ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai itacen fir, mai ganye siri-siri kamar allura, ya tsaya kore shar. Mutane suka riƙa saro shi daga dajin garinsu suna shigar da shi ɗaki, alama ce ta rai a lokacin da kome ya bushe.

Littafin kuɗi na garin Selesta na 1521 ya nuna an biya masu gadin daji domin su tsare itatuwa gab da Kirsimeti. A 1561 wani gari a yankin ya yi doka cewa kada magidanci ya sari fiye da itace ɗaya, aka kuma ƙayyade tsawonsa. Wani bayani na 1605 daga birnin Sitirasbog ya faɗi abin da ake ratayawa a jikinsa: furannin takarda masu launi, tuffa, waina siririya da alewa. Ke nan tun farko itacen na dajin gari ne, adonsa abin da aka noma ko aka toya a gida ne, kuma dattawan gari sun tsaya kada murna ta cinye musu daji.

Daga Jamus al'adar ta bi fada ta shiga Ingila. A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu kewaye da itace mai ado, daga nan talakawa suka ɗauka. A Amurka, da buƙata ta yi yawa har dazuzzuka suka fara jin jiki, sai aka mayar da abin noma. A 1901 wani manomi a jihar Niyu Jasi ya dasa itatuwa 25,000 musamman don sayarwa lokacin Kirsimeti. Har yau manomi a can yakan yi shekara bakwai zuwa goma yana renon itace kafin ya kai kasuwa, in ya sare ɗaya kuma ya dasa wani a gurbinsa. Inda fir ba ya fitowa, mutane sun nemi nasu. Kiristocin Indiya da dama mangwaro ko ayaba suke yi wa ado. Itacen roba daga baya ya zo, kuma mafi yawansa a masana'antun ƙasar Sin ake ƙera shi.

Yadda bikin ya zauna a gidanmu

Turawan da suka kawo bishara ƙasar Zazzau 'yan Ingila ne da suka tashi cikin wannan al'ada ta zamanin Biktoriya. A 1900 Bishop Tugwel da Likita Mila da abokan tafiyarsu suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka dawo suka yada zango a Girku. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, inda ya buɗe makaranta da wurin shan magani. Wajen 1913 wasu daga cikin Isawa, mabiya koyarwar Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19, suka zo gare shi, aka kafa musu gari a Gimi. Ciwon barci ya yi wa garin mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira da zuriyarsu suka zama cikin tushen jama'armu. Zuwa 1929 mishan ta ƙaura daga birni zuwa gindin Kufena, inda Wusasa take a yau.

Abin lura shi ne irin ginin da aka yi wa sabon garin. Majami'ar Santa Batalomi ginin ƙasa ce irin na Hausa, daga gidan fasahar da ta fitar da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Likita Mila ya jagoranci fassararsa tare da Hausawan da suka zauna da shi. Bangaskiyar ta zo daga nesa, amma da ƙasarmu aka gina mata ɗaki, da harshenmu kuma ta yi magana. A wannan ɗan ƙaramin gari Likita R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon suka samu tarbiyya, kuma tuwon da ya raine su daga gonakin da ke kewaye da garin ya fito.

Tukunyar Kirsimeti

Allah ya yi mana gata da Kirsimeti ta faɗo a bayan kaka. A Turai bikin yakan zo lokacin da gona ta mutu, mu kuwa yakan same mu rumbu cike da dawa, gero da masara, an roro wake, an cire gyaɗa, kabewa tana jibge a kan rufi, masu rake kuma sun fara dafa mazarƙwaila. Saboda haka uwar gida ba ta rasa abin fita kunya. Akwai tuwon shinkafa da miyar taushe, akwai waina da funkaso, akwai dambun nama, ga nakiya da alkaki da cincin na yaran da ke yawon barka, ga zoɓo da kunun zaƙi na baƙi. Magidanta sukan haɗa kuɗi su yi watanda, a yanka sa a raba kashi-kashi, yadda mai ƙaramin ƙarfi ma zai ga nama a gidansa. Kafin a tafi sujada akushi da kwanuka sun riga sun zaga gidajen maƙwabta Musulmi, kamar yadda nasu suke zuwa mana ranar Sallah. Galibinmu dangi ɗaya muke da su, kuma wannan musayar kwano ta riƙe zumunci a lokutan da ƙasa ta yi zafi.

Idan muka leƙa cikin tukunyar da kyau, za mu ga rabin daɗinta daga itatuwa yake. Daddawa daga kalwa ake yin ta, kalwa kuwa 'ya'yan ɗorawa ce. Ita wannan ɗorawa ce ke ba yara garin ɗorawa, ta ba magina makuba ta shafen bango. Miyar kuka ganyen kuka ce. Man kaɗe daga kaɗanya yake, tsamin kunu daga tsamiya, kwaɗo daga zogale, azarar da ke riƙe soro kuma daga giginya. Iyayenmu ba su saro itace sun kafa a ɗaki ba, amma itatuwa sun halarci bikinsu ta bakin tukunya, kuma kowace ɗorawa da ke tsaye a gona an san mai ita, ba mai kai mata gatari.

Yadda ɗanɗano ya sauya

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masana sun tabbatar cewa akwai irin shinkafar da aka fara nomawa a Afirka ta Yamma, a fadamun kogin Kwara da ke ƙasar Mali ta yau, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. A da abincin ranar biki ce, shi ya sa yara suke ɗokinta. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka buɗe wa shinkafar waje ƙofa, jiragen ruwa suka yi ta saukewa a Legas, duk da shirin ciyar da ƙasa da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a 1976. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1985, aka ɗage hanin a 1995. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ta buɗe wasu a Disamba na 2020. Duk wannan buɗe da rufe bai warkar da abin da ya riga ya shiga zuciya ba, wato ganin cewa biki bai cika ba sai da buhu mai rubutun wata ƙasa. Haka ɗunƙulen Maggi ya ture daddawa gefe, lemon kwalba ya kori zoɓo daga gaban manyan baƙi.

Mu mazauna birni mu ne muka fi ɗaukar wannan ɗabi'a, mu ne kuma muke kai ta gida a bayan mota. Kuɗin da za su shiga hannun ƙanenmu manomi da gwaggonmu mai daddawa sai su tsaya a kantin birni. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne buhunan gawayin da muke lodawa a hanyar komawa. Masu gawayi sun fi son itace mai tauri irin kaɗanya, alhali kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Abin da aka yi shekara ashirin ana jira, a cikin 'yan makonni murhun birni yake mayar da shi toka. Muna yi wa itacen roba ado a falo, itatuwan da suka ciyar da kakanninmu suna faɗuwa a bayan gari. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya rage gare mu

Zazzau ƙasar itatuwa ce, sunayen unguwannin birni kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko sun isa shaida, kuma a unguwar da ta ci sunan durumi tarihinmu ya fara. Dasa baƙon itace ma ba sabon abu ba ne a Arewa: a 1928 aka kawo dogon yaro Borno, ga shi yau ya zama ɗan gida. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe da gwada itacen fayin, ɗan uwan fir, a dajin Afaka kusa da Kaduna da kuma kan tsaunukan Filato, ya kuma yi. Wanda ransa ke son itace mai ganyen allura yana iya renon ɗan ƙarami a tukunyar ƙasa, ya yi masa ado a Disamba, ya dasa shi in damina ta sauka. Wanda kuma yake neman ma'anar da Jamusawa suka gani a fir, ya dubi gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, lokacin da sauran itatuwa suka tsaya tsirara, yana ƙara wa gona taki, yana ciyar da dabbobi da 'ya'yansa. Furen ɗorawa ma, ja jawur yana reto a tsinkensa idan rani ya shiga, ba ƙwallon adon kanti da ya fi shi kyau.

Muna ba ƙungiyarmu shawara uku. Na farko, kowane gida da ya zo Kirsimeti ya bar kuɗin dashen itace ɗaya aƙalla, ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya ko mangwaro, a damƙa wa matasa renon iri har zuwa damina, a rubuta sunan gidan da ke da alhakin kowane itace. Na biyu, mu aiko da kuɗin cefane tun watan Nuwamba domin a saya mana shinkafa, wake, kaji da daddawa daga hannun mutanen gida. Na uku, iyayenmu mata na zumunta su zaunar da 'ya'yanmu haifaffun birni su koya musu nakiya, alkaki da miyar taushe tun masu sani suna raye. Dattawan Alsas sun sa gadi a dajinsu shekara 500 da suka wuce, shi ya sa jikokinsu suke da abin sara har yau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in kowane reshe na ƙungiya ya ɗauki nasa kason, yaran da muke riƙe wa hannu zuwa sujada bana za su ɗebi kalwa a ƙarƙashin abin da muka dasa.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya ba ƙasarmu salama. Barkanmu da Kirsimeti, barkanmu da sabuwar shekara.