Watannin Da Aka Kashe Sabis A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa: Shin Firinta Ma Sabis Take Jira?

1/
Jama'a, ku matso. In kwamfuta ta ƙi ganin firinta, abin da muka saba cewa shi ne "ai netwok ne babu." Tarihin watannin da aka kashe sabis a kudancin Katsina a 2021 ya nuna ba haka zancen yake ba. Zare ne, ku biyo ni a hankali. 🧵

2/
Mu fara da yadda sabis ya zo. A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285. A Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan sai layin NITEL, wanda bai kai rabin miliyan ba a duk Najeriya.

3/
Cikin shekara 20 komai ya koma kan waya: tura kuɗi, POS, duba sakamakon jarrabawa, rajistar JAMB. Shagunan buga takardu ma suka saba karɓar aiki ta WhatsApp. Ka turo daga gida, ka zo ka karɓa.

4/
Sai matsalar 'yan bindiga ta tsananta. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar tsaro da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme.

5/
Farkon Satumba aka kashe sabis a duk Zamfara. Kwanaki kaɗan bayan nan aka kashe a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Bakori da Funtua. Hujjar ita ce a raba 'yan bindiga da masu ba su bayanai.

6/
An ji jiki. POS ya tsaya cak. Mai son gaida mahaifiyarsa sai ya shiga mota ya nemi garin da ke da sabis. In an kawo hari, babu halin kiran agaji. A Disamba aka fara maido da layukan, kuma waɗannan garuruwa uku suna cikin waɗanda suka ƙara jira.

7/
To amma ku tuna: a watannin nan Xender ta daina aiki? Ko kusa. An ci gaba da tura waƙa da fim daga waya zuwa waya ba data ba sabis. Dalili: wayar ɗaya ke buɗe ƙaramar Wi-Fi, ɗayar ta shiga. Zancen tsakaninsu ne, turken sabis ba ya ciki.

8/
Wato netwok iri biyu ne. Akwai na waje, mai bi ta turke zuwa intanet. Akwai na cikin gida ko shago, wanda rauta ko MiFi ke haɗawa. Kamar titi ne da tsakar gida. An toshe titi, amma ba a hana ka miƙa wa ƙanenka takarda a zaure ba.

9/
Abin mamaki, na cikin gidan nan kusan saboda firinta aka ƙirƙiro shi. A 1973, a cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto a Amurka, suna da firintar laser mai buga shafi ɗaya a daƙiƙa ɗaya, ga kwamfutoci da yawa na son amfani da ita.

10/
Robert Metcalfe ya rubuta tsarin haɗa su ranar 22 ga Mayu 1973, ya gina shi tare da David Boggs, suka kira shi Ethernet. Kebul ɗin da kake gani a bayan kwamfutar kafe jikan wancan ne. Wi-Fi ta biyo baya a 1997. Duk cikinsu babu mai buƙatar data kafin takarda ta fito.

11/
Ga wani abin da ya ƙara dagula lissafi. A tsakiyar 2021 aka gano wata kafa a Windows da 'yan kutse ke iya shiga ta hanyar firinta, aka sa mata suna PrintNightmare. Gyaran da Microsoft ta fitar ranar 14 ga Satumba ya hana ofisoshi da dama a duniya bugawa a firintar da suke tarayya a kai.

12/
Lambar kuskuren ita ce 0x0000011b. Ka duba kwanan watan: kwanaki kaɗan ne kacal da kashe mana sabis. Masu cikakkiyar intanet a Landan sun kasa bugawa, alhali kwamfutar da ba ta samu damar sauke gyaran ba tana iya ci gaba da aikinta lafiya lau.

13/
Don haka in firinta ta ɓace, kar ka tsaya kallon sandunan sabis. Fara da wannan: su biyun suna kan Wi-Fi ɗaya? Sau da yawa kwamfuta na kan hotspot ɗin waya, firinta na kan MiFi. Gida biyu ne daban, ba za su ga juna ba.

14/
Na biyu: in Windows ta ɗauki Wi-Fi ɗinka a matsayin Public, tana ɓuya don tsaro. Mai da shi Private, ka kunna ganin na'urori. Na uku: firintoci da yawa 2.4GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin 5GHz.

15/
Na huɗu ya fi damun mu. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura adireshi, irin 192.168.0.105. NEPA ta ɗauke wuta, an tada janareta, rauta ta sake rabo, firinta ta samu sabuwar lamba, kwamfuta na can tana sallama a tsohon gida. Ka ba firintar adireshi na dindindin.

16/
In duk ya ƙi, kebul ɗin USB na nan. Ka ajiye direban firintarka a filashi tun yau da ake da sabis, don ranar da babu ba za ka iya sauke shi ba.

17/
'Yan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da suka riƙe shago a lokacin, ku faɗa mana a ƙasa yadda kuka yi. Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.