Dokar Mallakar Bindiga a Najeriya: Tarihin Muhawarar a Yammacin Katsina

Muhawarar mallakar bindiga a Najeriya jayayya ce a kan abu uku: wa doka za ta yarda ya riƙe makami, wane irin makami, kuma wa zai ba shi izini. Wasu na ganin a ƙara ɗaure dokar, a kwashe abin da ke hannun jama'a. Wasu na ganin a sassauta wa mutumin ƙauye ya tsare gidansa, tunda hukuma ta kasa. A Amurka, inda aka fi jin wannan gardama, gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, masu son tsaurara doka su ne ke neman sauyi. A nan akasin haka ne. Tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, dokar kuma da ma a ɗaure take. Daga cikin wuraren da maganar ta fi zafi akwai yammacin Jihar Katsina, ƙananan hukumomin Batsari da Safana, inda garuruwa irin su Darini, Ruma, Wagini da Runka ke zaune kusa da dajin Rugu.

Kafin dokar zamani

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, cikin ƙarni na 18. Amma har ƙarshen ƙarni na 19 doki da mashi da kwari da baka ne ke cin yaƙi. Bindiga kayan fada ce, sarakuna sukan damƙa ta ga amintattun bayinsu, ba su cika barinta ta yawata a hannun talakawa ba. Sarkin Damagaram Tanimu ya yi suna wajen tara bindigogi, har ya sa maƙeransa ƙera igwa. Ƙasar Ruma, wadda Batsari ke cikinta, bakin daga ce a lokacin tsakanin sarakunan Katsina da na Maraɗi, kuma har yau ana ba da labarin jarumtar mayaƙin yankin, Ɗanwaire. Wanda ya zauna a can ya san tsaron gari aikin mazan gari ne.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels, suka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, suka bar musu masu ɗuri ta baki da albarushin kasuwa. An ce don a daƙile cinikin bayi aka yi haka, amma amfanin abin ya fito fili a 1903 lokacin da sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato da bindiga mai ruwan harsashi. A Satiru a 1906 talakawa da gatura da fartanya da kibau suka karya wata rundunar Turawa, bayan 'yan makonni aka dawo aka shafe garin. Tsarin da mulkin mallaka ya bari shi ne maharbi da manomi su riƙe bindigar toka don nama da korar birai daga gona, ta yaƙi kuwa ta hukuma ce.

Dokar 1959

Dokar makamai da ta fara aiki a 1959, ana gab da samun 'yancin kai, ita ce har yanzu ginshiƙi. Ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu: igwa, roka, bam, bindiga mai jigida, bindigogin soja da ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan sai da lasin shugaban ƙasa, wanda aka kama da ɗaya babu izini hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. AK-47 a nan take. Na biyu bindigogin farauta masu harsashi da na iska, lasinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, waɗanda aka bar wa kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ƙera bindiga ma babu izini laifi ne.

Sai an dubi bindigar da ke gida na uku da kyau kafin a gane abin da ake jayayya a kai. Maƙerin ƙauye ke haɗa ta da bututun ƙarfe da ƙotar itace. Mai ita zai zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma ya danna da sanda, ya zuba gutsattsarin ƙarfe, ya sake dannawa. Harbi ɗaya take yi, daga nan sai sabon ɗuri, shi ya sa ake ce mata harba-ka-ruga. In damina ta jiƙa albarushin ta ƙi tashi, in ɗurin ya yi yawa ta fashe a hannun mai ita. Ɗan bindigar da ya zo masa da dare kuwa gidan harsashinsa ɗaya na ɗaukar 30, kuma su uku ne a kan babur.

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 makamai suka bazu, fashi ya yawaita. Gwamnatin Gowon ta yi dokar soja a 1970 mai hukuncin kisa ga ɗan fashi da makami, aka riƙa harbe su a bainar jama'a. Gwamnatin Buhari ta sabunta ta a 1984. A matakin yanki, ƙasashen ECOWAS sun dakatar da shigo da ƙananan makamai a 1998, suka mai da matakin cikakkiyar yarjejeniya a Abuja a 2006.

Dajin Rugu

Abin da ya dawo da maganar bakin kowa a Katsina satar shanu ce da ta ƙazanta bayan 2011, shekarar da gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makaman Libiya suka buɗe. Satar ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane, kuɗin fansa, ƙone rumbuna da ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi noma. Da jami'an tsaro suka yi ƙaranci, garuruwa suka dogara da 'yan banga da 'yan sa-kai. Sun ceci rayuka da dukiya, wannan ba a musunsa. Amma an yi ta zarginsu da kashe Fulani a kasuwanni da kan hanya ba tare da bincike ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga daji da wannan suke kafa hujja.

Gwamnan Katsina na lokacin Aminu Bello Masari ya fara gwada hanyar karɓe makamai. A farkon 2017 aka yi bikin ajiye makamai a Ƙanƙara, zaman lafiyar bai daɗe ba. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yargamji ta Batsari, mutanen garin suka ɗauko gawarwakin zuwa birnin Katsina don manya su gani da idonsu. A watan Agusta gwamnonin arewa maso yamma suka taru a Katsina suka haramta 'yan sa-kai, a watan Satumba Masari ya bi garuruwan bakin daji yana zaman sulhu da 'yan bindiga, har aka ɗauke shi hoto kusa da wani ɗan bindiga rataye da AK-47. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari. A watan Afrilu aka kashe 47 a Safana, Ɗanmusa da Dutsin-ma. Zuwa tsakiyar shekarar gwamnan ya ce ya janye daga sulhun, domin an ci amanarsa. Mutanen yankin sun fito daga wannan zango da ƙorafi guda: an hana namu, ba a karɓe nasu ba.

Ta ina makaman ke shigowa? Ƙungiyar Conflict Armament Research, wadda ta binciki makaman da aka kama a Katsina, Zamfara da Kaduna, ta bayyana a 2020 cewa wasu daga Libiya suke, wasu daga rumbunan Kwaddibuwa, wasu ƙirar gida ne, wasu kuma daga ma'ajiyar jami'an tsaron Najeriya suka fito. A 2017 hukumar kwastan ta kama bindigogi 2,671 a Legas cikin kamu huɗu, akasarinsu ta hanyar Turkiyya aka yo su. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya ce zuwa ƙarshen 2018 akwai bindigogin 'yan sanda 178,459 da ba a ga lissafinsu ba, 88,078 daga ciki AK-47. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 fararen hula a Najeriya na riƙe da bindigogi fiye da miliyan 6, ninkin-ba-ninkin abin da ke hannun soja da 'yan sanda. Duk waɗannan hanyoyi ba su bi ta ofishin lasin ba. Wannan ne raunin kiran a tsaurara doka in an tsaya a kan lasin kawai: ƙarin tsananin yana sauka ne a kan wanda da ma yake zuwa neman izini.

Gwamnoni da tarayya

A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ba da umarnin a harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. Bayan wata biyar gwamnan jiharsa ya ɗauki wata hanya daban. A Jibiya, cikin Agusta, Masari ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Disamba ya maimaita, ya ce Musulunci ya halatta wa mutum kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, wanda ya mutu a haka ya yi shahada, kuma 'yan sanda za su yi wa bindigogin rajista. A watan Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya ce za a raba fom 500 na neman lasin ga kowace masarauta cikin 19 na jihar. Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, 'yan sanda kuma suka ce dakatar da ba da lasin na nan daram. A Binuwai Gwamna Samuel Ortom ya nemi izinin AK-47 don dakarun sa-kai na jiharsa bai samu ba. Majalisar dattawa ma ta ga ɓangarorin biyu: Sanata Uba Sani ya kawo ƙudirin ƙara tsananin hukunci, Sanata Ned Nwoko a 2024 ya nemi a bar farar hula su mallaki bindiga.

Hujjar masu neman sassauci tana da nauyi, kuma bai kamata mazaunin birni ya raina ta ba. Tsarin mulki da dokar Penal Code ta Arewa duk sun amince da kare kai. Garin da aka san yana da masu tsaya masa ba a cika shigarsa da wasa ba. Mutumin da aka ɗauke wa mata da 'ya'ya yana kallo, ofishin 'yan sanda na nesa, waya babu sabis kamar yadda aka yi a 2021 lokacin da aka katse layuka a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi, ba a ce masa ya jira doka.

Sai dai abin da ya faru a ƙasa bai goyi bayan raba makami barkatai ba. A watan Fabrairun 2023 'yan sa-kai daga Bakori suka bi sawun shanun da aka sace, aka yi musu kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje na Ƙanƙara, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar 41. A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi, gwamnatin jiha ta ce ramuwar gayya ce kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa 'yan bindiga kwanaki kaɗan kafin nan. Talakan da fansa da haraji suka tatse ba shi da kuɗin AK-47, in ya samu kuma a wurin dillalin da ke sayar wa ɗan daji zai saya. Bindigar da ta shiga gari ba ta fita bayan an yi sulhu. Tana nan ranar rikicin gona, tana nan ranar zaɓe. Zargin da ke bin mai bindiga ma ya kai inda ba a zata ba: a watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne da ke komawa Kano, bayan 'yan banga sun ga bindigogin toka a motarsu.

Halin da ake ciki

Gwamnan Katsina Dikko Umaru Raɗɗa ya bi tsaka-tsaki. A watan Oktoban 2023 ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa kusan 1,500 daga ƙananan hukumomi takwas na bakin daji: Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume. Bambancinsu da 'yan sa-kai shi ne suna da horo da kaki da albashi da shugaban da za a tuhuma in sun yi ɓarna. Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024, Sakkwato ta biyo baya. Wannan tsari ya fi kusa da amsa koken ɓangarorin biyu, domin makamin yana cikin gari amma an san sunan mai riƙe da shi. Iyakarsa ita ce dokar 1959: jiha ba ta da ikon ba su bindigar gida na farko, wadda abokan karawarsu ke ɗauke da ita.

A tarayya an kafa cibiyar yaƙi da bazuwar ƙananan makamai a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokarta a 2024. A 2025 shugabannin al'umma suka shiga sabon zagayen sulhu, aka fara daga Batsari da Jibiya, ya kai Ɗanmusa da Safana da wasu wurare. An saki mutanen da aka kama, an buɗe wasu hanyoyi da kasuwanni, manoma sun koma gonakin da suka bari shekaru. Makaman da aka miƙa kaɗan ne, kuma a tarurruka da dama jagororin daji sun zo da bindigoginsu sun koma da su. Batun 'yan sandan jihohi, wanda zai ba gwamna ikon riƙe runduna mai cikakken makami, yana buƙatar gyara sashe na 214 na tsarin mulki, da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun dokokin jihohi.